Turaku Biyu a Bakin Malam

Shin tun ranar da anka kai ni ɗakin maigidana ƙananan halittun nan suna cikin bakinsa, ko daga baya sunka tare? Na tambayi ma'aikaciyar asibiti, ta yi dariya ta ce kowa na da nasa. Na tambayi limamin garinmu, ya ce Allah na halittar abin da ido ba ya gani. Duk sun amsa, amma ban gamsu ba. In dai suna nan tun farko, ashe shekara da shekaru ina tuƙa musu tuwo, ko sannu ba su taɓa yi mini ba.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, allo ma ban yi nisa ba. Faɗi nake, ɗiyata na rubutawa. Na ce mata in na tsaya ina kuka ta aje biro ta jira ni, don kukan ina yinsa, ba na ɓoyewa. Har yau in zan zuba tuwo sai na ɗauko kwano biyu, sannan in tuna in mai da guda. Amma wanga labari ba na kuka ba ne. Mun sha dariya a kansa, ni da shi.

Maigidana taubashina ne, ɗan wan uwata. Garinmu na cikin kwari tsakanin Buza da Garhanga. Da damina hatsi da dawa muke nomawa, da rani a sauka fadama a yi albasa. Da yake mu taubasai ne, wasan da ke tsakaninmu tun muna ƙanana aure bai kashe shi ba. Gaban mutane Malam nake ce masa, in sunkuyar da kai. In mun shiga gida kuwa, ya ce mini Taubashiya mai ƙona miya, in ce masa abin da ya zo bakina.

Goro da shayi mai sukari su sunka cinye masa haƙora. Na sama sun ɗan yi haƙuri da shi, na ƙasa kuwa sai zuba, wani da kansa, wani a hannun wanzami, har saura biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, suna tsaye suna kallon juna.

A unguwarmu maza ba su ci cikin gida. Bayan magariba kowane magidanci na fitar da kwanonsa ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, a ci na wannan sannan a jawo na wancan. Ciyayya ke nan. Can ake jin farashin albasa, can ake ɗaura aure kafin a ɗaura shi, can ake sanin wanda matarsa ta yi fushi, don miyarta na faɗa. Malam tun yana saurayi yake zaune kan tabarmar nan. Da haƙora sunka tafi, sai ya ga ana rage hannu dominsa, ana tura masa wurin da ya fi laushi. Wata rana ina wankin rigarsa na tarar da tsokar nama a aljihu. Ya tsotsa ya tsotsa ta ƙi, kunya ta hana shi tofarwa, ya ɓoye. Bayan wannan bai ƙara fita ba. Ya ce ciki ke damunsa.

Sai ya dawo mini bakin murhu. Namiji a bakin murhu masifa ne. Gishiri ya yi yawa, itacen ɗanye ne, uwarsa ba haka take kaɗa miya ba. Na ce masa, "Uwar taka ƙanwar... a'a, matar kawuna ce, na ci miyarta, kar ka sa in buɗe baki." Sai ya yi dariya ya rufe baki da hannu. Amma in dariyar mazan ta tsallako katanga, sai in ga ya aje ludayin hura ya karkata kunne. Wannan ne ya fi ci mini rai.

A shekarun da matan wajen Keita ke ɗaukar duwatsu a ka ana jera su bisa tuddai don tare ruwa, amininsa maƙerin garinmu ya tafi asibitin mishan da ke kan titin kwalta can gaban Madawa. Shi ko haƙori guda ba ya da. Ya dawo da baki cike, farare tas kamar na ɗan maraƙi. Gari ya taru a maƙera. Har waɗanda ba su da lauje da za a gyara sun je. Malam ya tsaya daga nesa ya kalla, ya dawo gida ya ce, "Taubashiya, ɗaura tukunya da tabarma."

Ɗanmu da ke ci-rani a Abijan ya ɗauki nauyin abin. Munka hau kamyo, babbar motar kaya, ranar kasuwa, kan buhunan albasa. A can munka sauka gidan wata anfirme, wato mai taimakon likita. Kirista ce, Bahaushiya, ubanta ya daɗe yana sayen albasa a hannun Malam. Ta ba mu ɗaki, ta nuna mana gabas da kanta, tana ce mini Inna tana ce masa Baba.

Lokotoron haƙori, wato likitan, Bature ne mai zuwa lokacin sanyi kawai. Ya duba biyun nan da sunka rage, ya yi magana, anfirme ta juya mana: kada a cire su, su ne dukiyar bakin. Ya kashe musu ciwo, ya rage musu tsawo, ya sa wa kowane hular ƙarfe mai ɗan kai kamar na ƙusa. Ya cusa wani abu kamar ƙullu ya ɗauki awon dasashin. Da haƙoran sawa da anka ƙera masa sunka fito, ƙarƙashinsu akwai ƴan ramuka biyu. Ya ɗora, ya danna, munka ji ƙas! Sunka kama kamar an ɗaure akuya a turke. Tun daga ranar turaku muke kiransu.

Anfirme ta yi masa bayani a hankali. Kowane dare a cire, a goge turakun, a wanke haƙoran, a sa su cikin ruwa mai tsabta a kofi har safe. Malam ya ce to, to, Allah shi yi albarka.

Muna hawa kamyo ya matso kusa da kunnena.

"Kin ji maganar Nasara? Wai in cire in aje a kofi."

"Na ji."

"Abin da ya wuni yana shan yawuna? In aje shi a fili, kowa ya shigo ya gani?"

Ban musa masa ba, don duk wanda ya tashi inda munka tashi haka zai ce. A wurinmu abin da ya fita daga jikin mutum ba a barinsa a banza. In anka yi aski, a tattara gashin a binne. In ka yanke farce, ka haƙa rami. Yawu ma in ka tofar, ka ja ƙasa da ƙafa ka rufe. Mai mugun nufi da waɗannan yake aiki, kowa ya sani. To ina ga haƙora jere guda, da awon bakinka, da ɗuminka a jikinsu? Malam ya ce tun da Allah ya sa sun kama, sun zama jiki, jiki kuwa ba a cire shi a rataye.

A Madawa ya sa anka tsai da kamyo ya sauka ya sayo kilishi. Ran nan da magariba ya ɗauki kwanonsa da kansa ya fita. Na laɓe bayan zana ina ji. Ya yi sallama, anka amsa. Sai na ji ƙarar kilishi. Maƙeri ya ce, "La ilaha! Kura ta shigo gari!" Dariya ta tashi har karnukan unguwa sunka amsa. Na koma bakin murhuna, babu mai ce mini gishiri ya yi yawa, na zauna ina share hawaye ina murmushi.

Daga nan gasa ta tashi tsakaninsa da maƙeri. Na maƙeri ba su da turke, zaune kawai suke bisa dasashi. In ya yi atishawa sai su yi gaba su bar shi. Sun faɗa cikin ƙwaryar hura. Sun faɗa cikin miyar kuka ta gidan liman, anka tsamo su da ludayi. Ran Idi ya ɗago daga sujada ya bar na ƙasa bisa buzu. Kullum matarsa na bakin randa da sabulu tana wanke su tana faɗa. In zai bugi ƙarfe ma cire su yake ya ba ta, don karkarwar guduma na sa su rawa.

Malam kuwa sai alfahari. Ya ɓare rake gaban jama'a. Ya ciji igiyar guga ya ja.

"Kai maƙeri, naka haƙora na ko baƙi na? Kullum suna kan hanya."

"Naka fa? An kafa maka ƙusa awa takalmin doki."

"Ƙusar ma ba ƙirarka ba ta, shi ya sa ta kama."

Kuma Malam mutum ne mai tsabta, kar a ce ban faɗa ba. Asuwaki ba ya barin bayan kunnensa. Kowace alwala sai ya goge haƙoran nan har su yi ƙyalli. Ba mu san cewa abin da yake gogewa rufi ne kawai ba. Turakun na can ƙarƙashi a rufe, asuwaki bai taɓa kai musu ziyara ba.

Damina ta zo ta wuce, anka yi girbi. Sai na fara jin wani abu. In ya juyo zai tsokane ni, sai in ga na kau da kai ban shirya ba. Na zaci albasa ce. Na zaci daddawa. Na sauya miya, abin bai sauya ba. Wata rana ya shigo daga ciyayya yana taƙama.

"Taubashiya, girma ya zo. Yanzu in na zauna, sai kowa ya ja baya ya bar mini tabarma. Har liman."

Na aje muciya. Wata matar ba za ta iya faɗa wa mijinta wannan ba, ko za a yanka ta. Ni kuwa kafin in zama matarsa taubashiyarsa ce.

"Malam, ba girma ba ne."

"To mi ne?"

"Ka tuna rijiyar bayan gari, shekarar da kaza ta faɗa ciki?"

Ya dube ni. Ya sa tafin hannu a baki ya hura ya shinshina.

"Ni ban ji komi ba."

"Ita ma rijiyar ba ta ji ba."

Ya yi fushi, ya kwana bai yi mini magana ba. Amma washegari da magariba na ga ya zauna can gefen tabarma, yana magana fuska a ƙasa. Ya shiga tauna kanumfari. Na jiƙa masa bagaruwa yana kurkurewa, na daka kanwa da citta. Warin ya ɓuya ya dawo. Sai kumatunsa na hagu ya ɗan tasa, yawunsa ya fara fita da jini. Ya koma tauna da dama kawai. Ranar da ya ciji gurasa ya ji haƙoran sun motsa ta hagu, ya shigo gida da kwanonsa bai ci rabi ba. Ya zauna bakin murhu inda yake zama da. Bai ce komi game da gishiri ba. Da ya ce, da na fi jin daɗi.

Sanyi ya shigo, munka ji lokotoro ya dawo, munka sake hawa kamyo.

Anfirme ta ce ya cire ta gani. Ya sa yatsa ya ja ta nan, ya ja ta can, ya ma manta yadda ake yi. Ta sa safar hannu ta ɓalle masa. Ni da ke tsaye bakin ƙofa sai da na ja mayafi na toshe hanci. Ƙarƙashin haƙoran wani farin abu ya taru kamar tsohon ƙullu, naman da ke kewaye da turakun ya kumbura ya yi ja kamar tattasai.

"Baba, yaushe rabonka da cire su?"

"Tun da kunka sa."

"Ya Ubangiji!"

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauki ɗan tsinke ta kankaro abin daga gindin turken hagu, ta shafa bisa wani ɗan gilashi, ta ɗiga ruwa, ta ce mu biyo ta. Ta kai mu ɗakin da ake duba jini. Akwai wani madubi mai wuya kamar na raƙumi, ana leƙawa ta sama, yana mai da ƙaramin abu babba. Ta gyara shi ta ce, "Baba, leƙa."

Ya rufe ido guda ya leƙa. Ya daɗe. Sai ya ja da baya har hularsa ta faɗi.

"A'uzubillahi! Motsi suke!"

Ni ma na leƙa. Da farko haske kawai na gani, sai sunka bayyana. Wasu kamar tsinken ashana, wasu ɗigo-ɗigo a dunƙule kamar ƙwan kwaɗi, wasu sirara a murɗe suna juyi suna wucewa da sauri kamar an aike su. Cinkoso kamar kasuwar Buza. Anfirme ta ce sunansu mikrob, ƙwayoyin cuta.

Malam ya ɗauki hularsa. "Ɗiyata, gaya mini gaskiya. Wa ya turo mini su?"

"Babu wanda ya turo, Baba. Kowa na da su. Kai dai ka gina musu ɗaki, ka rufe, ga ɗumi ga duhu, ga kilishi na shigowa. Wa zai tashi?"

"Kowa kika ce? Har wagga?" Ya nuna ni da baki.

"Har Inna."

"To a duba."

Ya dage. Anka kankaro nawa. Ya leƙa, ya nema, ya nema, sai ya buga cinya. "Ga guda! Ga wani! Taubashiya, zo ki gai da danginki!" Na ce nawa ƴan ƙauye ne, ba su da yawa, nasa birni ne har da tasha. Anfirme ta yi dariya har ta dafa tebur.

Sai ya tambaya, murya ƙasa, "Na maƙeri fa?"

Ta ce maƙeri ya zo kwanan baya, bakinsa lafiya lau. Haƙoran da ke faɗuwa kullum, kullum ana wanke su. Wannan magana ta fi kumburin yi masa zafi.

Da lokotoro ya duba, dariya ta ƙare. Ya taɓa turken dama, yana nan daram. Ya taɓa na hagu, turken ya girgiza. Anfirme ta juya mana maganarsa. Halittun nan na cin gindin turke kamar yadda ruwan sama ke zaizaye gindin katanga. In na hagu ya fita, na dama shi kaɗai ba zai daɗe yana ɗaukar kaya ba. In duk sunka fita, ƙashin Malam na ƙasa ya riga ya lafe, ko irin na maƙeri ba za su zauna masa da kyau ba.

Malam ya ce, "Ba a kafa wasu?"

Lokotoro ya ce a ƙasarsu ana huda ƙashi a murɗa turken ƙarfe zalla, wani mai kai kamar ƙwallo, wani a haɗa biyu da ɗan sanda, wani da maganaɗisu. Nan babu kayan aikin. Ya ce ko can ɗin, in ba a gogewa, halittun nan na taruwa a gindin ƙarfen su ci naman da ƙashin har ya faɗi.

"Ashe har ƙasar Nasara sun kai," in ji Malam. "To ba wurin gudu."

Anka wanke masa da magani mai ɗaci, anka ba shi ƙwayoyin sha. Anka ce ya bar haƙoran a waje har kumburin ya sauka, bayan haka kowane dare a cire, ba fashi. A gidan anfirme, da munka zauna shan hura, ya faɗa mata dalilinsa, na gashi da farce da yawu. Na zaci za ta ce aikin jahilci ne. Ta ce kakarta ma har ta mutu ba ta bar gashinta a ƙasa ba. Ta ce ita ba ta da maganin wannan, amma kofin ba dole ba ne a aje shi inda ido zai gani.

Kan hanya na yi ta tunani. Muna isa gida na shiga ɗakina. Ina da jeren kwanuka na tun aurena, masu murfi, an ɗora wani kan wani har kusan rufin ɗaki. Kayan mace ne. Namiji, ko ɓarawo ne, yana jin kunyar taɓa su, mace kuwa ba ta buɗe na wata. Na sauke su duka, na ciro ƙaramin da ke can ƙasa, mai zanen fure, na wanke na kawo masa.

"Ga ɗakinsu. Ni zan sa, ni zan ciro."

Ya juya kwanon a hannu. Haƙoran na naɗe cikin ƙyalle a aljihunsa.

"Taubashiya, kin san abin da kike roƙo? In kika kai wa boka waɗannan, sai ki ce mini zauna in zauna."

"Yanzu da ban kai ba, in na ce zauna mi kake yi?"

Ya ciro ƙyallen ya aza mini a tafin hannu, ya rufe hannuna da nasa biyu. Ni da na haifa masa ɗiya, na yi jinyar uwarsa, ban taɓa jin ya ba ni amana kamar ta ran nan ba.

Kwanakin da sunka biyo baya sun yi mana tsawo. Kunu da hura, bakin murhu, dariyar maza na tsallako katanga. Kowace safiya ya kira ni cikin haske ya buɗe baki. In wanke hannu in taɓa turken hagu. "Yaya?" In ce yana motsi. Gobe, "Yaya?" Yana motsi. Ya samu siririn asuwaki ya tauna bakinsa har ya yi laushi kamar auduga, ya zauna bayan ɗaki da gutsuren madubi yana bin gindin turakun a hankali. In na tambaye shi me yake yi, sai ya ce, "Baƙi nake sallama." Jan ya ragu, jinin ya tsaya. Wata safiya na taɓa, na sake taɓawa. Bai koma kamar na dama ba, amma ya tsaya da ƙafarsa. Na shiga ɗaki na sauke jere na ciro masa haƙoran.

Da ya koma ciyayya shi ya fara tona kansa. Ya ce, "Ku munafukai, wata nawa kuna ba ni tabarma ba wanda ya gaya mini?" Liman ya ce sun bar wa taubashiyarsa ladan. Maƙeri ya ce, "Ashe nawa masu yawo sun fi naka zaman lahiya." Malam ya ce, "Naka ba tsabta ba ta, rashin riƙo na." Daga nan ya zama mai wa'azin mikrob. Duk wanda ya yi hamma kusa da shi sai ya ji labarin masu juyi da masu kama da ashana. Wasu sun yarda, wasu sun ce asibiti ta taɓa masa kai.

Ni kuma na samu aiki. Bayan isha ya shigo, ya juya wa ƙofa baya, ya ɓalle ya miƙo mini ta ƙarƙashin hannun riga kamar mai ba da rashawa. In goge da buroshi da sabulu, in sa ruwan randa, in mai da ƙasan jere. Da asuba ba ya fita masallaci sai da su. Nan nake kama shi.

"Taubashiya, kayana."

"Dangar akuyoyi fa?"

"Yau zan gyara."

"Jiya ma haka ka ce."

"Za a ta da salla!"

"To ka je haka, Allah ya san bakinka."

A haka dangata ta gyaru, rumbuna ya samu sabon jinka, har turmi anka sassaƙa mini. Matar maƙeri ta zo ta tambaye ni wane malami ke yi mini aiki.

Shekaru munka yi a haka. Duk sanyi mu hau kamyo a duba. Ramukan sun taɓa sakewa anka gyara, wani haƙori ya taɓa guntulewa a ƙashin rago anka liƙa. Turakun dai suna nan. Bai ƙara rasa ciyayya ba sai in tafiya ta kama.

Abin da ya ɗauke shi ba daga baki ya zo ba. Bayan wani girbi ƙafafunsa sunka fara kumbura, numfashi ya yi masa kaɗan. An kai shi, an ba da magani, an ce ya huta. Ya bar zuwa fadama, ya bar zuwa kasuwa, tabarmar ƙofar gida ce bai bari ba. Ko loma biyu zai ci, sai a can. A can ɗin ya cika. Sun ce ya ci, ya wanke hannu, ya jingina da katanga yana jin maƙeri na ba da labari. Maƙeri ya tsokane shi bai rama ba. Nan sunka gane.

Tsaya, ɗiyata. Aje biro.

To, rubuta.

Kafin ya fita ran nan, ya wuni kwance haƙoran na cikin kwano. Da anka yi magariba ya ce in kawo. Hannunsa ba ƙarfi, ni na ɗora masa na danna. Ya kama yatsana ya kai ta hagu ya ce in girgiza. Ban ji motsi ba. Ya yi murmushi da dukan haƙoran. Na ɗaga shi, ya dafa kafaɗata har bakin zaure. Da munka wuce murhu ya ga tukunyar tuwo a kife gefe, na kankare ƙanzo na tara a faifai, ga ƙwaryar ruwa kusa zan jiƙa masa na safe. Ya tsaya ya maida numfashi, ya dube ni.

"Kak ki jiƙa shi, Taubashiya. Bar mini shi da ƙarfinsa. In na dawo, da haƙorana zan ci."